Kawu Bawa Mai Gaida Taya

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin Kawu Bawa da mota ya san ba shi za a fara gaidawa ba. Kai dai fito ka miƙa hannu, hannun zai bushe a iska. Shi ya riga ya tsuguna gindin tayar gaba, ya shafa ta da tafin hannu daga ciki zuwa waje, ya kanne ido ɗaya, ya zagaya ya yi wa sauran ukun haka, sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "To, kai kuma yaya gida?" Kun san ba ƙari nake yi ba, rabin waɗanda suka zo addu'ar arba'in ɗin nan an taɓa barin su da hannu a miƙe. Kuma ba a gareji kaɗai ba. A wurin suna haka, a ƙofar masallacin Juma'a haka. Wallahi har a maƙabarta na ga ya yi wa motar ɗaukar gawa, ya ja direban gefe ya raɗa masa cewa tayar hagu tana cin gefe ɗaya.

Shekara arba'in ya yi a Magazin na Suame, unguwar makanikan Kumasi, yana aiki guda, miƙe ƙafafun mota. Can suna ce masa Masa Bawa Alaimen, wato maigida Bawa mai saita ƙafa, mu a gida Kawu, don wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. In babu mota a kusa, takalmin mutum yake dubawa. Ranar da mai neman auren 'yarsa ya zo gaisuwa ya tuɓe takalmi a ƙofa, Kawu ya ɗauki takalmin ya juya shi, ya ga dunduniyar ta ci daidai ba ta zaɓi gefe ba, ya ce an ba shi. Sai daga baya ya tambayi ɗan gidan wa ne. Ga surukin can zaune yana sunkuyar da kai, ku tambaye shi.

Maganarsa kullum ita ce, mutum zai yi maka ƙarya, inji ma zai yi, taya ba ta yi. Ya kuma ce mota duk girmanta a kan tafin hannu huɗu take tsaye, wato ɗan wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa. Waɗannan kun sha ji. Abin da ba kowa ya san tushensa ba shi ne yadda aka yi Mma Hajara, mahaifiyata, ta yi shekara huɗu ba ta yi wa wanta magana ba. Ni Mutala ni ne sanadi, kuma yau zan faɗa da bakina.

Babana direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar. Ina shekara tara motarsa ta ƙwace a wani gangare kan hanyar arewa, bai dawo ba. Tun daga nan ko tirotiro, 'yar bas ɗin haya, Mma ta shiga, carbi take ja har ta sauka. Ita ce kuma Allah Ya ba ɗa irina. Ina da shekara ashirin da bakwai, da shagona na sayar da kayan mota, na sayi tsohuwar mota 'yar Jamus mai turawa da ƙafafun baya, na shiga wasan zamiya. Ga dattawan da ba su san shi ba: ka shigo kwana da gudu, ka sa bayan motar ya sulale gefe, ka riƙe ta tana tafiya a kaikaice hayaƙin taya na tashi, har ka fita kwanar ka miƙe ta. Ranar Lahadi muke yi a wani tsohon filin ajiye katako can wajen Atonsu, sai kuma in ana biki a raka amarya.

Duk iliminmu a lokacin daga hotunan waya ne. Mun ga motocin masu wasan a ƙasashen waje ƙafafunsu a karkace, saman taya ya shige ciki, ƙasanta ya bazu waje, muka ce ashe sirrin ke nan. Abokina Razak ya datse mini sifirin don motar ta zauna ƙasa, muka karkata ƙafafu huɗun duka har ta koma kamar agwagwa, muka sa mata tayoyin da suka suɗe, wai don ta fi santsi. Muka ja da baya muna kallonta muna yaba wa kanmu.

Mma ta ga bidiyona a wayar wata maƙwabciya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta san tun ina ƙarami faɗa ba ya shiga kunnena. Mayafi ta yafa, ta tasa ni gaba har gidan Kawu, ta rantse da Allah a gabana cewa in ya sa hannunsa a motar nan, magana ta ƙare tsakaninsu. A ganinta in Kawu ya ƙi, duk Magazin ba mai taɓa ta, motar za ta mutu a tsaye. Baiwar Allah ba ta san Magazin ba. A can ko jirgin sama ka kawo, za a sami mai ce maka ka dawo da yamma. Kawu ya ce mata ta kwantar da hankalinta, shi ba mahaukaci ba ne da zai shekara arba'in yana miƙe ƙafa, tsufa ya zo ya koma karkatarwa.

To, bai ga motar ba ne tukuna.

Mako na zagayowa na ajiye ta kusa da rumfarsa, ba da nufin komai ba. Ya fito ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi ya tambayi wanda ya yi wa baiwar Allah nan wannan zalunci, ya ce Lahadi in kai shi ya ga abin da nake yi da ita. Na kai shi. Ya shiga gaba ya ɗaura bel, ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Kwanar farko motar ta yi ta tsalle, ta biyu ta juya da mu sau biyu ta tsaya, tsakaninmu da tulin gungume bai fi kamu ɗaya ba. Na zaci salati zai yi. Ina! Ya buɗe ƙofa ya sauka ya nufi tayar baya. Ya kamo hannuna ya ɗora a gefenta na ciki, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya matsar da hannun tsakiya, sanyi ƙalau, waje ma haka.

"Ka ji?" in ji shi. "Faɗin yatsa biyu kaɗai ke taɓa ƙasa. Ranka a kan yatsa biyu yake tafiya."

Ya tambaye ni ko zan bar wasan. Na so in yi masa ƙarya, sai na tuna takalmina na ƙafata kuma yana kallonsa. Na ce ba zan iya ba. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsa ɗaya. Ya jujjuya hula a hannu.

"In ban taɓa ta ba, za a kawo wa Hajara gawarka a makara. In na taɓa, za ta daina yi mini magana." Ya sa hularsa. "Shiru ya fi makoki. Kawo ta gobe."

Yanzu ku ji kayan aikin da aka ceci raina da su. Maƙwabcinsa yana da na'ura mai kwamfuta, fitilu na walƙiya, Kawu ko kallo ba ta ishe shi ba. Nasa zare ne na bakin buhun shinkafa, da noti ɗaure a ƙasa, da rular makaranta da aka yar, da guntun alli. Ya saki zaren a gefen taya, notin ya tsaya cak, ya auna tazarar sama da ta ƙasa. Zaren nan ƙulli uku ne a jikinsa. Na ce zan sayo masa sabo, ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce muddin ana cin shinkafa a Kumasi ba zai sayi zare ba.

Da sifirin da aka datse ya fara, ya jefa su cikin tulin ƙarafa, ya nemo cikakku da shokozoba masu rai. Ya ce aikinsu ɗaya ne, su danne taya a ƙasa duk yadda hanya ta yi, kuma tayar da ke tsalle a iska ba ta da bambanci da wadda ke rataye a shago. Ƙafafun baya ya miƙe su kusan tsaye, ya sassauta musu sifirin. Na ce Kawu ai ka kashe mata ado. Ya sa mutum uku suka hau but ɗin, bayan motar ya zauna, ya nuna mini yadda ƙafafun suka karkata da kansu. Ya ce haka take yi duk lokacin da na taka mai, in na riga na karkata su, karkata ta hau karkata. Suɗaɗɗun tayoyin kuwa ya hana su ko da wasa.

"Ku kuna tsammani wasan nan rashin riƙo ne," ya ce. "Mai zamiya ya fi kowa buƙatar riƙo. Ta sulale da izininka, ta dawo da izininka. In ba haka ba, hatsari ne bai ƙarasa ba."

Ƙafafun gaba su suka ba shi wuya. Ya miƙe su tsaf yadda ya saba yi wa kowace mota, muka je Atonsu, gaban ya ƙi bin sitiyari. Ya shafa tayar, gefen waje na ƙuna, na ciki ba labari. Taya ta ƙaryata shi, shi kuma ya riga ya gaya wa duniya taya ba ta ƙarya. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A na uku na iske tsoho mai shekara sittin da biyar, da silifa, yana zagaya ginshiƙin rumfarsa da gudu yana kallon ƙafafunsa, duk masu aikin layin sun ajiye sifana suna kallo. Ya tsaya yana haki ya ce ya gano. In mutum ya sha kwana jiki na rinjaya waje, tafin ƙafa na kifewa a kan gefensa na waje. In an riga an ɗan jingina ƙafar ciki, a kwanar ne za ta kwanta sosai. Ya ɗauki sifana ya karkata ƙafafun gaba da hannunsa, faɗin yatsa ɗaya da rabi tsakanin zare da saman wili, yana yi yana istigfari. Masu tsokana suka ce yau Masa Alaimen ya yi ridda. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ban karkata ta ba. Miƙewarta na ajiye mata a kwana."

Daga nan kowace Lahadi yana Atonsu. Na zagaya sau biyu in tsaya, ya bi tayoyin da tafin hannu, ciki, tsakiya, waje, ya rage iska a nan ya ƙara a can, ya saki noti ya ɗaure, har zafin ya bazu daidai. Amma in hayaƙi ya tashi kau da kai yake yi ya dafe ƙirji. Mutumin da sabulu ke shekara a hannunsa, ga taya na ƙonewa a banza! In gefe ɗaya ya ci sai ya cire ta ya juya a ci ɗayan, in ta ƙare ya ɗaure ta a bayan kekensa ya kai wa masu yankan takalmi. Akwai lokacin da rabin 'yan dakon kasuwa a kan tayoyina suke tafiya.

Mma kuwa, shi da kansa ya je ya gaya mata tun ranar da ya fara kwance noti. Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki. Sai dai Mma ta je makaranta, ta san ba a gaba da ɗan'uwa fiye da kwana uku. Ta zauna ta yanke wa kanta hukunci, wai sallama ba magana ba ce, haƙƙin Musulmi ne. Saboda haka duk kwana uku bayan la'asar sai ta yafa mayafi ta taka har ƙofar gidansa, ta ce salamu alaikum, ya amsa, ta juya. Ko ruwa ake yi sai ta je, da lema. Kawu ya yi ta koyon saurin baki don ya cusa tambaya a wutsiyar amsa, ko ta manta ta tanka. Kafin ya kai ga yaya ƙafar taki, ta sha kwana. Wata rana ya yi kamar bai ji ba, ta maimaita, ya yi shiru, ta sake maimaitawa da ƙarfi sannan ya amsa. Da na je yana ta murmushi shi kaɗai. Ya ce da ni, "Yau na samu uku."

Abincinsa kuma bai taɓa yankewa ba. Kun san Mma da sana'ar shinkafa da wake, kowace safiya kwanonsa ne farkon zubawa, ni ke kai masa. Ta wurin yaji yake gane halin da take ciki. In ya kai loma ya fara hawaye, sai ya ce yau mamarka ta rubuto da zafi. Liman ya yi mata nasiha, mata sun yi, ta ce ita ta san abin da ta rantse a kai. Ana cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba a shekara ana saɓawa. Kuma kada in ɓoye muku, maganin abin yana hannuna. Da na sayar da motar, da an gama a yini ɗaya. Ban sayar ba, don ana tafa mini a Atonsu kuma tafin ya yi mini daɗi. Wannan yana damuna har gobe.

A shekara ta uku aka yi bikin wani abokinmu, za a ɗauko amarya daga Buokrom, an kuma ɗauko mai bidiyo. Samari suka yi ta mini dariya, wai motata in ka dube ta ta baya kamar ta alhajin da zai je ɗaurin aure. Abin ya ci mini rai. Ana gobe biki na kai ta wurin Razak muka karkata ƙafafun baya yadda nasa suke, na ce bayan biki in mayar, wa zai sani? Da safe na biyo ta layin su Kawu a hankali, na ga ba ya ƙofar gida, na gode wa Allah. Ashe yana shagon aski a tsallaken hanya, a madubi ya hango ni. Ya fito da kai rabi a aske, zanen mai aski a wuya, ya tsaya tsakiyar titi. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe but ya ɗauko jak, ya ɗaga motar ya cire tayar baya guda, ya gangara da ita har shagon, ya ture kujera ya zauna a kanta, ya ce wa mai aski ya ci gaba. Tayar safaya kuwa tuni na ƙone ta a Atonsu.

Na tsaya a ƙofar shagon cikin babbar rigata, na ce Kawu ka ba ni kunya a gaban mutane. Ya dube ni ta madubi ya ce kunya ana warkewa. Haka na tafi bikin a keke mai ƙafa uku, ina ta cika ina batsewa.

Da azahar aka ɗan yi yayyafi, irin wanda ke jiƙa kwalta bai wanke ta ba. Da muka iso wata mararraba Razak ya shiga gaba ya saki bayan motarsa. Ta sulale da kyau, mutane na ihu, amma da ya nemi ta dawo ba ta dawo ba. Ta tafi a kaikaice ta daki bangon kwata. Allah Ya tsare ba ta taɓa kowa ba, shi dai ƙugunsa ya karye, wata huɗu yana kwance. Ga shi nan da sandarsa, shi ya ce in faɗi sunansa kada in sakaya. Ni ne aka shirya zan bi bayansa a wannan kwanar, da ƙafafu irin nasa.

Ranar na zauna na gaya wa Mma komai, tun daga tulin gungume har shagon aski. Ta yi kuka sosai. Ta ce ba sai na gaya mata wane ne wanta ba, shi ya goya ta. Amma ta ce ranar da ta yi masa magana, ranar ta sa wa wasan nan albarka, ita kuma ba za ta sa albarka a abin da ya yi kama da abin da ya ci ubana ba. Washegari na kai wa Kawu kwanonsa, ya buɗe ya ga nama biyu da ƙwai, yaji daidai. Ya daɗe yana kallo kafin ya sa hannu.

Bayan nan ne ya ji a wurin karatu cewa wanda ya yi rantsuwa yana iya warware ta ya ciyar da miskinai goma. Kai, ku zo ku ga Kawu! Mutumin da bai taɓa saya wa kowa ruwan leda ba ya shiga kasuwa ya tattaro 'yan dako goma, ya zaunar da su a benci, ya sa aka zuba musu tuwo da miya har da nama. Ya tsaya a kansu kamar mai gadin jarrabawa. Ɗaya ya ce ya ƙoshi, Kawu ya ce bai isa ba, sai ya suɗe kwanon, kada a ce tara da rabi aka ciyar. Ya wuce wurin Liman da fara'arsa ya ce an gama, a aika wa Hajara. Liman ya tambaya ko ita ta sa shi, ya ce a'a. Ko ta sani, ya ce a'a. Liman ya ce to ai kaffara ta mai rantsuwa ce, da niyyarta, wannan sai dai ta zama sadaka, Allah Ya ba da lada.

"Sadaka? Mutum goma?"

Liman ya ce ladan ma ba kaɗan ba ne.

"Malam, ni ba lada na je nema ba," in ji Kawu. "Ƙanwata na je nema."

Mun yi dariya ranar har da riƙe ciki. Shi bai yi ba.

A shekara ta huɗu, wata Talata da hantsi, ya tsuguna gindin tayar wata tasi bai iya tashi ba. Aka kai shi asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓarin dama ya tafi, magana ma ta tafi, amma yana ji yana ganewa. Da aka sallamo shi a keken marasa lafiya, ranar sallamar Mma ta zagayo, ta zo ta tsaya a ƙofa ta yi sallama. Shiru. Ta sake, tana zaton tsohuwar dabararsa ce. Ta leƙa ta gan shi yana kallonta, bakinsa na motsi, abin ya ƙi fita. Ta juya ta tafi ba ta ko gyara mayafi ba.

Da gari ya waye ba ta fitar da teburin sana'arta ba. Ta zuba kwano goma ta kai ƙofar masallaci da kanta, ta raba, ta wanke hannu ta nufi gidan Kawu. Ta iske ni ina ƙoƙarin fito da shi inuwa. Ta ture ni ta kama keken, ta tura taku biyar, keken ya karkata ya nufi bango. Ta ja baya ta sake turawa, ya sake nufar bango.

"Yaya," ta ce, "keken nan naka yana ja hagu. Kai da ka gyara na duk Kumasi."

Rabin fuskarsa ya yi dariya, hawaye na bin ɗaya rabin. Daga ranar bakin Mma bai rufe ba. Maganar shekara huɗu ta ajiye masa, ta zauna ta juye ta duka: wa ya yi aure, wa ya rasu, wace ce ta ari tukunyarta ba ta mayar ba, har abubuwan da aka yi yana wurin sai da ta ba shi labarinsu. Mu da muka shekara huɗu muna roƙon ta yi masa magana, muka koma roƙon ta bar shi ya yi barci. Mako bakwai suka samu. Motar kuwa tana nan a rumfarsa an rufe ta da tampol, ban sake tayar da ita ba, kuma ba wanda ya sa ni.

Ana saura kwana biyu ya rasu, da la'asar, muna zaune mu uku a tsakar gida. Mma ta yi shiru, abin da ba ta yi ba tun da ta fara. Can ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa.

"Yaya, ka yafe mini?"

Ya yi ta ƙoƙari, bakin ya ƙi. Na ga hankalinta ya tashi, don ta san in ba ta ji yanzu ba, ba za ta ƙara ji ba. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, ya bugi bayan hannunta sau biyu, ya janye. Ta juyo ta dube ni. Ita ba ta taɓa kai masa mota ba, ba ta san alamar ba. Na ce mata haka yake yi wa bonet in ya gama da mota, sau biyu, ma'ana tafi abinki, ba sauran abin gyara.

"To ni mota ce?" in ji Mma. Tana dariya tana share ido da bakin mayafi, ɗaya hannun kuma ta riƙe nasa ba ta saki ba har aka kira magariba.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi. Allah Ya ba Mma haƙurin rashin wanta. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah Ya yafe mini shekara huɗun da na cinye musu. Amin.